Cokalin Kafaral

Rediyo ya faɗa da hantsi, ina ƙofar gida a Bagalam
ina ɓarar gujjiya da sauran haƙorana uku:
wai mutumin nan ya mutu a gudun hijira,
wanda ƙasarsa ta shekara ashirin
ba ta yin tari sai da izininsa.
Masu shan shayi suka ce, Allah ya ƙara nauyin ƙasa.
Ni Nomau ban ce komai ba.
Na san nauyinsa. Na taɓa goya shi.

Shekarar da suka ɗebe mu
Gulbi bai daɗe da cinye tsohon gari ba,
tabo na nan a jikin katangu.
Kamiyo, jirgin ƙasa, jirgin ruwa kwana talatin,
sai ga mu a Andoshin,
inda shinkafa ke tsiro cikin ruwa, mutuwa na tsiro cikin shinkafa.

Can na haɗu da Anatol,
siririn yaro daga ƙasar kurmi, wuya kamar na zalɓe.
Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa,
muka raba guntun Faransanci kamar rabon goro ɗaya.
Uwarsa mai ƙyafa kifi ce, in ji shi.
Ubansa kuwa, sai ya ɗaga kafaɗa.
Ya ɗebo wa fada ruwa shekara bakwai
a kan tsohon wando da ragowar miya.
Ran da aka rasa cokali ɗaya a gidan mishan
aka ɗaure shi a gindin mangwaro har la'asar
yara na wucewa suna dariya.
Ya ce yana riƙe da sunayensu duka.
Na yi dariya ni ma. Ban gane ba.

Daren farko da igwa ta yi magana
ya jiƙa wandonsa, ya kama hannuna yana kiran uwa.
Wata shida, aka ɗinka masa igiya a hannun riga.
Ya koyi tsawa.
Ya koyi kwance agogo daga hannun gawa
tun fatar ba ta huce ba.
Na ga ya tsaya kan wani tsoho mai hular kaba,
bai tambaye shi komai ba, so yake kawai ya ga
yadda gwiwa ke lanƙwashewa in an daɗe ana kallon mutum.

Sai ranar kwanton ɓauna a bakin gona.
Harsashi ya shiga cinyarsa.
Kaftin ya ce a bar shi.
Na tuna yaron gindin mangwaro,
na saɓa shi a baya, ruwa har ƙirji, matsattsaku na shan mu biyu,
tafiyar da ta kai daga nan zuwa Tibiri.
A likita ya ciro cokalin ƙarfe daga aljihu ya ba ni.
Ya ce, shi ne. Ni na ɗauka.

Na dawo da madai ɗaya da tarin da ba ya jin magani.
Shi ya koma gida da sunaye a kansa.

Yanzu rediyo na ƙirga ramukan da aka tono bayan barikinsa.
Liman ya ce wanda ya ceci rai ɗaya
kamar ya ceci mutane duka ne.
Ban musa ba, Malam.
Amma in ran nan ya tashi ya ci dubu,
a littafin wa ake rubuta su?

Jikata Tsahara ta fito da kunu,
cokalin na cikin ƙwarya.
Shekara arba'in yana ciyar da gidan nan,
bai taɓa ɗaci ba.
Na miƙa hannu zan karɓe,
ta riga ta kai baki.